Jarabar Waya ko Tauye Haƙƙin Zama? Sake Duban Tasirin Wayar Salula a Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Wayar salula ta zama kayan jama'a a Nijeriya daga watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki da lasisin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjonsa a watan Janairun shekarar. Kafin nan layukan NITEL na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, yau kuwa layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe na kudancin Jihar Sakkwato, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutane kusan 350,000 a haɗe, sun bi wannan sauyi mataki-mataki: zamanin masu kiran kuɗi a ƙarƙashin lema, zamanin ƙaramar waya mai madannai da tocila, sannan zamanin babbar waya irin su Tecno da Itel da Infinix, wadda ta zo da WhatsApp da Facebook da TikTok.

A mataki na uku ne kukan jama'a ya yi ƙarfi. Ra'ayin da ya yi rinjaye a huɗubobi da shirye-shiryen rediyo da kundayen ɗalibai shi ne waya ta zama cuta irin ta shaye-shaye, ta kama matasa, ta kashe zumunci. Wannan maƙala ba ta musun akwai ɓarna. Jayayyarta a kan irin ɓarnar ce, domin wanda ya kuskure ciwo zai kuskure magani. Matsayinta shi ne mafi yawan abin da ake kira jaraba a yankin dogaro ne da larura ta haifar. Ɓarnar da ake gani a zaman yau da kullum kuwa tauye haƙƙin abokin zama ce. Abin da ya cancanci a kira shi jaraba ɗan yanki ne, kuma ana iya nuna shi da yatsa.

Raunin ma'aunin da ake aro

A wurin likitoci jaraba tana da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa abu, ya fifita shi a kan sauran lamurransa, ya ci gaba da shi yana ganin cutarwarsa, kuma hakan ya daɗe har ya gurgunta aikinsa ko iyalinsa. Kundin rabe-raben cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ya karɓi caca da wasannin kwamfuta a kan waɗannan sharuɗɗa, bai saka wayar salula ba. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ma bai saka ta ba. Panova da Carbonell (2018) sun bi nazarce-nazarcen da aka yi, suka ga hujjar ba ta kai a ce jaraba ba, suka zaɓi a ce amfani mai matsala. Billieux da abokan aikinsa (2015) sun riga sun yi kashedi game da mayar da kowace ɗabi'a ta yau da kullum cuta.

Alƙaluman da ake yawan yaɗawa game da kaso kaza na matasa da waya ta kama sukan fito ne daga ma'auni irin wanda Kwon da abokan aikinsa suka tsara a Koriya ta Kudu a 2013, musamman gajeriyar sigarsa mai tambayoyi 10 da aka gwada a kan 'yan makaranta. Tambayoyin sun shafi ko mutum yana yawan leƙa wayarsa, ko hankalinsa na tashi idan ba ta hannunsa, ko yana daɗewa a kanta fiye da yadda ya yi niyya, ko na kusa da shi suna cewa ya cika latse-latse. Dillalin shanu ko na gero a Tambuwal zai amsa mafi yawansu da e, domin duk kiran da ya wuce shi ciniki ne ya wuce shi. Matar ɗan ci-rani da ke jiran saƙon shigar kuɗi kafin ta ɗora tukunya ita ma haka za ta amsa. Ma'aunin ba ya rarrabe tsakanin wanda abincinsa ke cikin waya da wanda waya ke cin lokacinsa. Bugu da ƙari, Parry da abokan aikinsa (2021) sun nuna cewa abin da mutane ke faɗa game da awoyin da suke yi a waya bai cika dacewa da abin da na'urar ta ƙirga ba. Da wuya a gina hukunci mai nauyi a kan irin wannan tushe.

Abin da waya ke yi a yankin

Ƙasar Sakkwato ƙasar ci-rani ce tun da daɗewa (Prothero, 1957). Da an kawar da amfanin gona, maza sukan kama hanyar kudu ko manyan birane, labarinsu kuma sai ta bakin mai dawowa gida ko wasiƙar da za a nemi mai karantawa. Masu kukan mutuwar zumunci sukan kafa hujja da karin maganar da ke cewa zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar ɗan Kuchi ko ɗan Sanyinna da ke Legas ko Fatakwal ba ta taɓa zuwa gida kowane mako ba. Abin da waya ta maye gurbinsa a nan shiru ne na watanni. Yanzu yakan gaida mahaifiyarsa bayan magariba, ya ji ko an yi shuka, ya turo kuɗin taki ta hannun mai POS. Saƙon murya na WhatsApp ya ƙara buɗe ƙofa ga wanda bai iya rubutun boko ba.

A fagen kasuwanci, Aker (2010) ta gano cewa shigar waya kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage saɓanin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Babu dalilin zaton cewa manomin Dogon Daji da ke tambayar farashin Jega kafin ya ɗora buhu a mota yana yin wani abu dabam. Cinikin cikin gida na matan kulle, wanda Hill (1969) da Schildkrout suka bayyana yana tafiya a kan ƙafar yara 'yan talla, ya samu wata hanyar: hoton atamfa ko turaren wuta a waya, ciniki ta saƙo, biya ta banki. Wannan ya fi bayyana a garuruwa fiye da ƙauyuka. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya tilasta wa har waɗanda ba su da sha'awar waya koyon tura kuɗi.

Gwaji mafi kusa na dogaron jama'a da waya ya zo a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara, sannan gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katsewa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Tambuwal, domin toshe hanyar 'yan bindiga da masu ba su labari. Koken da aka riƙa ji a yankunan da abin ya shafa na ciniki ne da ya tsaya, da kuɗin da ba su iso ba, da rashin jin lafiyar 'yan'uwa, da rashin hanyar sanar da maƙwabta idan mahara sun taso. Mutane sun yi tafiya mai nisa neman sabis. Wanda ya hau babur ya ƙona mai domin ya ji ko ɗansa na raye, bukata ce ta tura shi. Wannan bai tabbatar da cewa babu masu jaraba ba. Ya dai nuna cewa tashin hankali idan waya ta yanke ba ya isa hujja.

Inda ɓarnar take

Zaman Bahaushe yana da haƙƙoƙi. Kirk-Greene (1974) ya jera ladabi da kunya da mutunci da karamci cikin siffofin mutumin kirki, kuma dukkansu ana gane su ne a yadda mutum ke ba wanda ke gabansa hankalinsa. Gaisuwa tana da tsawo domin tana tabbatar wa mutum cewa an gan shi: kwana, gajiya, iyali, aiki, ruwa ko sanyi. Ƙarami yakan rusuna, ya saurara, ba ya katse babba. Shari'a ma ta tsara wannan. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun ɗora wa mai zama bakin hanya amsa sallama da kame ido, sun kuma hana mutum biyu yin raɗa su bar na uku, saboda hakan yana baƙanta masa. Mai latsa waya a tsakiyar hira yana ganawa ne da wanda ba ya wurin, ya bar wanda ke wurin.

Ana ganin abin ƙarara a majalisar dare. A teburin mai shayi bayan isha'i, benci a cike yake, amma fuskokin samari duk hasken waya ya haske su. Dattijo ya yi sallama, amsar ta fito daga baki biyu ko uku, ba wanda ya ɗaga kai. Wani ya soma labarin yadda ruwa ya ci masa gonar fadama, kafin ya kai ƙarshe na kusa da shi ya fashe da dariyar wani bidiyo, ya miƙa masa wayar ya ce ya gani. Labarin gona ya mutu ke nan. A zaman makoki ma akan ga mutum a kan tabarma, hannu ɗaya ya ɗaga ana addu'a, ɗayan yana kan waya a cinya. Wasu kuma sun mayar da ta'aziyya da barka da dubiya saƙon da ake turawa zauren WhatsApp, alhali gidan da abin ya faru yana bayan masallacinsu. A nan ne karin maganar ƙafa take da gaskiya: waya ta kusanto da na nesa, amma ta ba na kusa uzurin ƙin tashi.

A cikin gida abin ya fi zafi. Hirar dare tsakanin miji da mata, da tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki, suna gogayya da finafinan da ake turawa a katin waya da littattafan da ake karantawa a zaurukan WhatsApp. Makullin waya ya zama sabon tushen zargi tsakanin ma'aurata, ballantana a gidan da ke da kishiyoyi, inda waya ke iya shigar da hirar wata cikin kwanan wata. Roberts da David (2016) sun samu alaƙa tsakanin yin biris da abokin zama saboda waya da raguwar gamsuwa da zaman tare, ko da yake a Amurka suka yi aikinsu. Przybylski da Weinstein (2013) sun ce ajiye waya a gefe ma yana rage armashin hira, sai dai wani gwajin da aka sake daga baya bai samu wannan sakamako ba, don haka a yi hattara da shi. Abin lura shi ne mafi yawan masu wannan hali suna iya ajiye waya idan an bukata. Saurayin da ba ya ɗaga kai a majalisar tsaransa yakan cusa wayar aljihu idan ya durƙusa gaban surukinsa ko hakimi. Wanda kunya ke iya hana shi bai rasa ikon kansa ba.

Hujjar Haidt da amsarta

Mafi ƙarfin masu saɓa wa wannan matsayi shi ne Jonathan Haidt, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, a littafinsa The Anxious Generation (2024). Hujjarsa ita ce tsakanin 2010 da 2015 ƙuruciyar da aka gina a kan wasa ta koma ƙuruciyar da aka gina a kan waya, kuma a daidai lokacin ne damuwa da ƙuncin rai suka ƙaru a tsakanin matasa, musamman 'yan mata. Ya lissafa illoli huɗu: ƙarancin cuɗanya, ƙarancin barci, tarwatsewar hankali, da jaraba. Ya kuma nuna cewa manhajojin da gangan aka ƙera su domin su riƙe mutum, ta hanyar sanarwa da ba ta ƙarewa da ladan da ba a san lokacin zuwansa ba. Idan haka ne, in ji mai bin Haidt, maganar ladabi ɗora laifi ne a kan yaro, alhali kamfanoni masu biliyoyin Dala ne suka haɗa masa tarko.

Wannan hujja ba ta wasa ba ce, kuma dole a sallama mata abu biyu. Ƙirar manhajojin gaskiya ce. Schüll (2012) ta bayyana irin wannan dabara a injinan caca na Las Vegas tun kafin TikTok. Ƙarancin barci ma gaskiya ne, kuma yana da nasa dalili a Nijeriya, inda garaɓasar kiran dare a da, da datar dare mai rahusa daga baya, suka koya wa matasa raya dare a kan waya. Malamin makaranta da limamin asuba sun fi kowa sanin sakamakon.

Sai dai akwai wurare uku da hujjar ta yi rauni. Na farko, alaƙar da take dogaro da ita ƙarama ce idan aka auna. Orben da Przybylski (2019) sun bi bayanan matasa fiye da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka ga amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba. Odgers (2024), a sharhinta na littafin a mujallar Nature, ta ce tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, kuma mai yiwuwa yaron da ke cikin damuwa ne ya fi fakewa a waya. Haidt ya mayar da martani cewa haɗa kowane irin allo wuri ɗaya yana ɓoye illar shafukan sada zumunta ga 'yan mata. Martanin yana da ƙima, amma shi kansa ya rage faɗin da'awar, daga waya baki ɗaya zuwa wasu manhajoji a hannun wasu mutane.

Na biyu, yaron da Haidt ke magana a kansa yana da wayarsa shi kaɗai, da ɗakinsa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet da ba ya ƙarewa, iyayensa kuma suna tsoron barinsa waje. Yaron Margai ko Girkau yana gona da kiwo da makarantar allo da aike. Waya sau da yawa ta yaya ce ko ta uwa, ana karɓa ana mayarwa. Caji sai an kai shago, inda mai janareta ko sola zai manna mata lamba, ya ba mai ita ɗan kati, ta kwana cikin layin wayoyi a kan katako. Data kuɗi ce, ta kuma ƙara tsada bayan ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari da Hukumar Sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025. Talauci da rashin wuta ba abin alfahari ba ne, amma suna yanke amfani da waya ta hanyar da nazarin Amurka bai yi lissafinta ba.

Na uku, tarihin ƙasar Hausa ya nuna kowace sabuwar kafa takan sha irin wannan zargi. Larkin (2008) ya bayyana yadda aka karɓi silima a Kano da ƙyama, kuma a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a can. Wannan bai wanke waya ba, ya dai isa dalilin a nemi hujja kafin a yanke hukunci.

Ɗan yankin da ya cancanci sunan

Da an tace, abin da hujja ke iya ɗauka ya ragu zuwa abubuwa uku. Na ɗaya cacar ƙwallo ta waya, wadda likitoci suka yarda jaraba ce, Alƙur'ani kuma ya ambace ta tare da giya. A da mai caca sai ya shiga shago jama'a na kallonsa, yanzu yana iya yinta a ɗakinsa ba wanda ya sani sai bashi ya bayyana. Na biyu haƙar kuɗin intanet da matasa ke kira mainin. A 2024 dubban matasan Arewa sun shafe watanni suna ƙwanƙwasa fuskar waya a wasan Hamster Kombat, da aka raba ladan a ƙarshen Satumba kuwa mafi yawansu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Na uku gajerun bidiyoyi marasa ƙarshe, waɗanda ke cinye dare.

Biyu daga cikin ukun nan neman kuɗi ne. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sanya Sakkwato a kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, da kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta. Matashin da ya gama sakandare, noman damina ya ƙare, ba jari ba aiki, yana da yini guda da ba abin da zai cika shi da shi. Da alama zaman banza ne ya riga waya zuwa, ita kuma ta same shi a zaune.

Kammalawa

Bambance dogaro da tauye haƙƙin zama da jaraba yana da amfani a aikace. Dogaro ba ya bukatar magani, sabis mai kyau da wuta yake bukata. Tauye haƙƙin zama aikin iyaye ne da malamai da masu unguwanni, kuma al'umma tana da kayan aikinsa tun asali: yadda aka saba kashe waya a sahun sallah ba tare da wata doka ba, haka za a iya saba ajiye ta a zaman makoki, da gaban baƙo, da kan akushi, da cikin aji, muddin manya suka fara da kansu. Caca da raya dare a kan bidiyo kuwa suna bukatar a gane mai su da wuri, a taimake shi, a kuma samar wa matasa sana'a da noman rani. Masu bincike a jami'o'in Sakkwato za su fi amfanar da jama'a idan suka auna abin da mutum ke yi da waya, da lokacin da yake yi, da wanda ya bari zaune yana jiransa, maimakon fassara tambayoyin Koriya. Kiran kowane mai riƙe da waya majinyaci yana sauke nauyin tarbiyya daga wuyan masu ita, kuma yana ɓoye 'yan kaɗan ɗin da ke bukatar taimako na gaske.